KWATAR DA KE ƘOFAR GIDANKA, TA WA CE?

 

A zamanmu na ƙarshe an kwashe kusan awa ɗaya ana magana a kan kwata. Wani ya ce aikin gwamnatin jiha ne. Wani ya ce na ƙaramar hukuma ne. Wani ya ce mai gida ya kamata ya yashe, tunda shi ke karɓar kuɗin haya. Wani mai gida da ke wurin ya miƙe ya ce shi ko ledar fiya wata ɗaya bai taɓa jefawa a ciki ba, 'yan haya ne. Haka aka tashi ba a tsayar da magana ba. Ga damina tana ƙaratowa, kuma ruwa ba zai jira mu gama gardama ba.

Wannan gardamar ita ce ainihin ciwon. Kwatar da kowa ke zuba wa ruwa, amma babu sunan kowa a kanta, dole ta toshe. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta wannan, mu faɗi ra'ayinmu, ku ma ku faɗi naku. Ra'ayin namu shi ne, ruwan saman da ke gudu a unguwa yana buƙatar mai ɗaukar alhakinsa a rubuce, da suna, da ranar da zai yi aiki, da takardar da kowa zai iya dubawa.

BARI MU FARA DA LISSAFI

Da yawanmu muna raina ruwan da ke sauka daga indararon gida ɗaya. Lissafin ba shi da wuya. Idan ruwan sama na milimita ɗaya ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465. Idan aka rufe shi duka da kwano da daɓen siminti, sannan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, wannan gidan kaɗai zai tura wa titi sama da lita 23,000. Wato jarka mai lita 25 sama da 900. Gida ɗaya fa. To, ƙirga gidajen layinku.

A da, lokacin da tsakar gida ƙasa ce, kuma akwai fili da ciyawa da bishiya tsakanin gidaje, ƙasa ke shanye kaso mai yawa na wannan ruwan. Yanzu kowa ya samu ɗan kuɗi sai ya malale tsakar gida da siminti, ya ƙara shago a bakin titi, wani ma ya ɗora shagon a kan kwatar. Ruwan da ƙasa ke sha ya koma titi, ita kuwa kwatar tana nan yadda aka gina ta shekara talatin da suka wuce, in ma ba ta ƙara tsukewa ba.

Mu mazauna Ibadan ba sai an ba mu labarin ambaliya ba. Manyanmu suna tuna ranar 31 ga Agusta 1980, da kogin Ogunpa ya yi ɓarnar da har yau Yarabawa ke kira Omiyale. Mu kuma mun ga ta ranar 26 ga Agusta 2011 da idonmu, ranar da aka auna ruwa sama da milimita 180 cikin 'yan awowi, mutum sama da 100 suka rasu, gadoji suka karye. A irin wannan ruwan, fulotin da muka ambata zai fitar da abin da ya kai tankar mai biyu da rabi. Bayan wannan masifar ne Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2014 domin aikin magance ambaliya a garin nan, aka gyara madatsar Eleyele, aka yi gadoji da kwalbatoci a wurare da dama. Aiki ne babba. Amma babban aiki ba ya zuwa lungu. Kwatar da ke bayan masallacinmu da wadda ke gefen rumfar masu albasa ba su cikin lissafin Bankin Duniya, kuma su ne ke fara cika.

ƘASAR DA GARI KE NEMAN IZINI KAFIN YA ZUBAR DA RUWAN SAMA

Da muka rasa amsar tambayar nan a zamanmu, sai muka koma muna karanta yadda wasu ƙasashe suka amsa ta. Wanda ya fi jan hankalinmu shi ne tsarin Amurka, saboda ya shafi ƙananan garuruwa, irin waɗanda za a iya kwatantawa da ƙananan hukumominmu.

Su ma ba da tsafta suka fara ba. A 1969 kogin Cuyahoga da ke birnin Cleveland a jihar Ohio ya kama da wuta saboda yawan mai da dattin da ke yawo a kansa. A 1970 aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA. A 1972 majalisarsu ta yi Dokar Tsabtar Ruwa, wadda ta ce duk mai zuba ƙazanta a kogi ko tafki ta bututu ko magudana sai ya mallaki takardar izini. Da farko masana'antu da wuraren tace ruwan bahaya aka sa wa ido. Daga baya aka lura cewa ko an gyara waɗannan, koguna ba su gyaru ba, domin duk sanda aka yi ruwa, yakan wanke titi da gareji da wurin gini, ya kwashi baƙin mai da laka da shara ya kai kogi ba tare da an tace ba.

Sai a 1987 aka yi wa dokar gyara, aka shigar da ruwan sama a ciki. A 1990 aka fara da manyan birane masu mutum 100,000 zuwa sama. A watan Disamba 1999 aka fitar da kashi na biyu, wanda ya haɗa da ƙananan garuruwan da ke cikin yankin birni mai mutum 50,000 zuwa sama, aka ba su zuwa watan Maris 2003 su shiga tsarin. A yau sama da ƙananan hukumomi da cibiyoyi 6,000 ne ke ƙarƙashin wannan kashi na biyu. Har jami'o'i da barikokin soja da gidajen yari da hukumomin manyan hanyoyi, matuƙar suna da magudanun ruwa nasu, suna iya faɗawa ciki.

Ga abin da muke so 'yan uwa su riƙe. Wannan takardar izinin ba a kan mai shago take ba, ba a kan mai gida take ba. A kan hukumar garin take. Hukumar ce ke nema, ita ce ke sa hannu, ita ce ake tuhuma in an saɓa. A yawancin jihohi gwamnatin jiha ke bayar da takardar, a wasu 'yan kaɗan kamar Massachusetts kuma EPA ce da kanta. Takardar ba ta wuce shekara biyar, sai a sabunta. Mu a nan mun saba hukuma ce ke tambayarmu takarda. A can, a kan maganar kwata, hukuma ake tambaya.

ABUBUWA SHIDA DA TAKARDAR TA ƊORA WA GARI

Na ɗaya, wayar da kan jama'a. Dole hukumar garin ta riƙa sanar da mutane cewa abin da suka zuba a kwata kogi yake tafiya. A garuruwa da yawa har rubutu ake yi a bakin magudanar domin mai wucewa ya gani.

Na biyu, shigar da jama'a cikin aikin. A sanar da taro, a saurari mazauna, a ba su dama su sa baki a tsarin.

Na uku, gano masu haɗa ƙazanta da kwata a ɓoye, a hana su. A nan dole garin ya zana taswirar magudanunsa, ya nuna duk bakin da ruwa ke fita da sunan kogin da yake faɗawa, ya kuma yi dokar da ta haramta zuba wani abu a ciki in ba ruwan sama ba, sai 'yan abubuwan da aka keɓe. Dabarar da suka fi bi mai sauƙi ce. Ana zuwa bakin magudana a lokacin da aka kwana biyu ba ruwa. In aka tarar tana zuba, to wani ya haɗa bututunsa, sai a bi sawu har gidan.

Na huɗu, kula da wuraren gini. Duk ginin da zai tone ƙasa eka ɗaya zuwa sama, wato kamar fuloti shida masu ƙafa 60 da 120, sai mai shi ya nuna yadda zai hana yashi da laka bin ruwa, kuma a riƙa zuwa ana dubawa.

Na biyar, abin da zai biyo bayan gini. Mai sabon gini babba sai ya tanadi yadda ruwan filinsa zai tsaya ko ya nutse a ƙasa, kamar ramin tara ruwa ko fili mai ciyawa, kuma a san wanda zai ci gaba da kula da shi bayan 'yan kwangila sun tafi.

Na shida, hukumar ta gyara nata gidan. Garejin motocinta, wurin tara shararta, sharar titi, yashe magudana, koyar da ma'aikatanta. Wanda zai ci wani tara, ya fara duba bayan ofishinsa.

A kan kowanne daga cikin shidan, sai garin ya rubuta abin da zai yi, da lokacin da zai gama, da ma'aikacin da ke da alhaki. Sai ya riƙa kai rahoto, ya ajiye takardunsa aƙalla shekara uku, kuma duk ɗan garin da ya nemi gani a nuna masa.

KO A CAN SAI DA KOTU TA SA BAKI

Kada wani ya ɗauka daga rubuta doka komai ya miƙe. A tsarin 1999, gari kan rubuta abin da ya ga zai iya, ya aika, shi ke nan ya shiga, ba lallai wani ya duba ko abin da ya rubuta ya isa ba. Masu fafutukar muhalli suka kai ƙara. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce hakan bai yi ba, domin ya zama ɗalibi ne ke rubuta wa kansa jarrabawa ya kuma ba kansa maki. Ta ce dole mai bayar da izini ya duba, kuma dole jama'a su ga takardar su samu damar magana. Sai a ƙarshen 2016 EPA ta kammala gyaran, inda ta ce sharuɗɗan takardar su zama a fili, a fayyace, kuma waɗanda za a iya aunawa. Shekara goma sha uku tsakanin hukunci da gyara. Jan ƙafa ba a Najeriya kaɗai yake ba.

Akwai kuma wani sashe na dokar 1972 da ya ba ɗan ƙasa damar kai mai saɓa takardar izini kotu da kansa, bayan ya ba da sanarwar kwana 60. Ke nan ciyaman ɗin ƙaramin gari ya san ba gwamnatin sama kaɗai ke kallonsa ba, har da maƙwabcinsa.

GASKIYAR DA BA ZA MU ƁOYE BA

Abu na farko, wannan tsarin an yi shi ne musamman domin hana gurɓata koguna, ba domin hana ambaliya ba. Amurka na fama da ambaliya har gobe. Sai dai a wurinmu datti da ambaliya uwarsu ɗaya. Ledar da ke lalata kogi ita ce ke toshe kwalbati. Yashin da magini ya jibge a bakin titi shi ne ke cike kwata. Wanda ya hana datti shiga magudana ya yi rabin maganin ambaliyar unguwa.

Abu na biyu, yana cin kuɗi, kuma ƙananan garuruwan can sun daɗe suna kuka cewa gwamnatin tarayya ta ɗora musu kaya ba ta ba su gammo ba. Da aka fitar da sabuwar takardar izini mai tsauri ga ƙananan garuruwan Massachusetts a 2016, wasunsu kotu suka tafi. Garuruwa da yawa sun koma karɓar kuɗi daga masu gidaje gwargwadon faɗin rufi da daɓen da ke filin mutum. A jihar Maryland, da aka yi dokar da ta tilasta wa manyan yankuna tara da birnin Baltimore karɓar irin wannan kuɗin a 2012, 'yan adawa suka laƙaba masa suna harajin ruwan sama. Larry Hogan ya yi kamfen da shi ya ci gwamna a 2014, a 2015 aka cire tilascin. Amma aikin kansa ba a cire shi ba, an dai bar wa kowane yanki ya nuna inda zai samo kuɗin.

Abu na uku, dokar ta san ƙarfi ba ɗaya ba. Garin da mutanensa da ke cikin yankin birnin ba su kai 1,000 ba yana iya neman a ɗauke masa, in ya cika sharuɗɗa. Kuma an yarda ƙananan garuruwa su haɗa kai, ɗaya ya yi wa saura wani ɓangare na aikin.

Ba mu ce a kwafo dokar Amurka a manna a nan ba. Kwatocinsu yawanci bututu ne a ƙarƙashin ƙasa, namu a buɗe suke. Su suna da bututun bahaya dabam, mu sokawe muke haƙawa. Abin ɗauka ɗaya ne, kuma ba ya buƙatar dala: a rubuta sunan mai alhaki, a rubuta aikin da ranar gamawa, a bar jama'a su gani.

ME TAMU DOKAR TA CE?

Amsar tambayar da ta hana mu tashi da wuri a zamanmu tana cikin kundin tsarin mulkin 1999. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ginawa da kula da hanyoyi da tituna da fitilun titi da magudanun ruwa. Akwai kwashe shara da ruwan ƙazanta da samar da bayin jama'a. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Manyan hanyoyin jiha da na tarayya suna da masu su, amma kwatar lungu da ta cikin kasuwa, kundin ya nuna inda za a ƙwanƙwasa.

Shekara da shekaru amsar da ake ba jama'a a faɗin ƙasar nan ita ce, kuɗin ƙaramar hukuma yana maƙalewa a jiha. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa ta yi ta tafiyar hawainiya, wannan kowa ya sani. Amma ko kuɗin ya iso gobe da safe, me zai sa a kashe shi a kan kwata? Babu mai yanka kyalle a bikin yashe kwata. Ba a ɗaukar hoto da ita a sa a fosta. Idan babu takardar da ta ce ga kwata kaza, za a yashe ta kafin wata kaza, ga wanda zai amsa tambaya, to kuɗin zai bi inda ake tafi.

Dokoki ba su muka rasa ba. Akwai hukumar NESREA tun 2007, tana da ƙa'idojin tsaftar muhalli da na gine-gine. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, NIHSA na fitar da na ambaliya. Manyanmu suna tuna zamanin duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, da ake share gida tun kafin su iso layi. Amma duk waɗannan talaka suke kallo, ko kuma gargaɗi suke yi. Wanda ya rage shi ne abin da zai juya ya kalli hukumar da kanta.

MASU CEWA KADA A TONO

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana tun kafin mu rubuta.

Wasu sun ce duk inda aka ambaci izini a ƙasar nan, sabon tikiti ne zai fito, yara masu sanduna su zo rumfa su karɓa. Wannan tsoron gaskiya ne, mun ga irinsa. Shi ya sa muke maimaitawa cewa abin da muke nema takarda ce a kan hukuma. Mai rumfa ya riga yana biyan kuɗin kasuwa da na shara. Tambayarmu ita ce, a cikin abin da ake karɓa, nawa ne ya koma kwata? Ba za mu goyi bayan ƙarin ko sisi ba sai an nuna mana lissafin na baya.

Wasu sun ce mu baƙi ne, mu yi shiru mu nemi abincinmu. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa shi. Akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu. Muna biyan haraji, muna da katin zaɓe, kuma ruwa in ya shigo ba ya tambayar asalin mai buhun wake. Shirun ma shi ya fi haɗari. Kowa ya san idan za a rufe kasuwa ko a rushe rumfuna a kudancin ƙasar nan, hujjar da aka fi kawowa ita ce ƙazanta da toshe hanyar ruwa. Unguwar da ba ta da takardar da ke nuna ta yashe, ta rubuta, ta nemi a zo a duba, ba ta da abin faɗa ranar da katafila ta iso.

Wasu kuma sun ce ruwa na Allah ne, abin da ya ƙaddara babu makawa. Haka ne. Ruwa rahama ne, kuma ba mu da iko da yawansa. Amma tsohuwar katifar da ke cikin kwalbati ba daga sama ta faɗo ba. Malamanmu kullum suna tunatar da mu haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya. Wanda ya saki sokawensa cikin kwata da tsakar dare saboda ya ji ruwa ya kece, ya san gidan wa zai shiga. Yaran layin ƙasa ne za su taka shi da safe a hanyar makarantar allo, kuma daga irin wannan amai da gudawa ke tashi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Bakanikenmu na juye baƙin mai a kwata. Mai wankin mota da mai shayi da mai abinci, ragowar duk can take tafiya. A mayanka, jini da kayan tumbi. Masu kayan gwari, ruɓaɓɓen tumatir. Wasu gidajen wanka da bahaya na haya bututunsu kai tsaye yake. Da a can ne, duk waɗannan suna cikin abu na uku da muka lissafa.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Ga hukuma, mambobinmu suna zaune a ƙananan hukumomi daban-daban cikin goma sha ɗaya da suka haɗu suka yi Ibadan. Muna ba da shawara kowane reshe ya rubuta wa ciyaman ɗinsa wasiƙa ta hannun kansila, cikin ladabi, tare da sa hannun shugabannin unguwa, har da maƙwabtanmu Yarabawa da Ibo, domin kwata ɗaya muke amfani da ita. A nemi abu huɗu. Jerin magudanun da ke mazaɓar da wanda ke da alhakin kowacce. Jadawalin yashewa kafin ruwa ya kankama. Sunan ofishin da za a kai ƙorafi. Da taro ɗaya a ƙarshen damina inda za a faɗa wa jama'a abin da aka yi da abin da ba a yi ba. A tabbata an buga wa kwafin wasiƙar hatimin karɓa, a ajiye. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar da aka nemi bayani a wurinta kwana bakwai ta amsa, ya kamata matasanmu masu karatu su san yadda ake amfani da ita.

Ga kanmu kuma, ba sai mun jira amsa ba.

Kowane layi ya zana taswirar kwatarsa, ko da a takardar kwali ce. Daga ina ruwa ke shigowa, ina yake fita, ina yake tsayawa. Tsofaffin unguwa sun san inda tsohuwar hanyar ruwa take kafin a yi gini, a tambaye su.

Tun yanzu da ruwa bai sauka ba, mutum uku su bi kwatar da ƙafa. Duk inda aka ga tana gudu alhali ba a yi ruwa ba, a bi a gano daga ina. A yi wa mai gidan magana a asirce tukuna, a ba shi lokaci. In ya ƙi, a kai gaban manya.

A raba kwatar gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a rubuta sunan mai kula da ita a littafin reshe. Aikin gayya yana da kyau, amma gayyar da ba ta da mai kira ba ta taruwa. Kuma in an yashe, a tanadi wanda zai kwashe lakar a ranar. Abin da muka saba shi ne mu tara ta a bakin kwata, ruwan farko ya mayar da ita ciki.

Bakanikai su ajiye durom na tara baƙin mai, akwai masu saye. Mai gini kada ya sauke yashi a kan hanyar ruwa, in dole ne ya tare shi da bulo. Mai niyyar daɓe tsakar gida ya bar wani ɓangare ƙasa, ya sa tanki ko durom a ƙarƙashin indararo. Ruwan da ka tara na wanki ne, kuma ya rage wa na ƙasa da kai.

Limamanmu su taimaka da tunatarwa a huɗubar Juma'a kafin damina. Iyaye mata, ku kuka fi kowa sanin inda ruwa ke fara shigowa, muna son wakilanku a kowane kwamitin layi.

Mu ma a ofishin ƙungiya mu fara da kanmu. Kwatar da ke gaban ofishinmu ba abin nunawa ba ce, duk wanda ya zo zaman da ya wuce ya tsallaka ta. Mun ɗauki alkawarin yashe ta kafin zama na gaba, kuma za mu sa hoton a wannan shafin. A ƙarshen damina kuma za mu kawo muku rahoto reshe-reshe: wa ya rubuta wasiƙa, wa aka ba amsa, wane layi ya zana taswira, ina ruwa ya shiga. In ba mu kawo ba, ku tambaye mu a bainar jama'a.

Wanda yake ganin mun yi kuskure a wani wuri, ƙofa a buɗe take, ya zo zama na gaba ya faɗa. Wanda kuma ya san wata kwata ko kwalbati da ke toshewa duk shekara, ya sanar da shugaban reshensa a wannan makon, domin mu fara jerin da ita.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu da maƙwabtanmu daga ambaliya da cuta, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. Amin.

Sakatare,
a madadin kwamitin gudanarwa.